Iska da Tsirkiya: Kimiyyar da Ke Cikin Kiɗan Sarewa da Fiyano

A garuruwan Turai da Amurka, manya da ƙanana, al'ada ce a riƙa shirya ɗan taron sauraren kiɗa a zauren makaranta, ko a majami'a, ko a ɗakin taron gari. Sau da yawa makaɗan biyu ne kacal: mai busa sarewa a tsaye, mai kaɗa fiyano a zaune. Kafin su soma, akwai wani abu da sukan yi wanda baƙo zai ɗauka ɓata lokaci ne. Mai fiyano zai danna madanni guda ɗaya. Mai sarewa ya busa amo guda, ya karkata kai yana saurare, sa'an nan ya ɗan zaro kan sarewar, ko ya tura shi ciki, abin da bai wuce milimita ɗaya ko biyu ba. Ya sake busawa. In ya gamsu sai ya gyaɗa kai, kiɗa ya fara.

Wannan ɗan aiki ba ya cin rabin minti, amma idan aka yi sakaci da shi, wahalar watanni da makaɗan suka sha wajen koyo ta tashi a banza, domin ko wanda bai san kan kiɗa ba zai ji muryoyin biyu suna faɗa da juna. Dalili kuwa shi ne, sarewa da fiyano ba hanya ɗaya suke bi wajen haifar da sauti ba, kuma zafin ɗaki ba iri ɗaya yake yi musu ba. Duk abin da ke faruwa tsakaninsu yana cikin darussan Fiziks da Lissafi na makarantun sakandare.

Wani kiɗa da aka fara ji a 1957

Daga cikin kaɗe-kaɗen da aka fi ji a irin waɗannan tarurruka akwai wanda wani Bafaranshe mai suna Francis Poulenc (1899 zuwa 1963) ya tsara. Sunan irin wannan kiɗa sonata, watau kiɗa mara waƙa wanda aka kasa kashi uku ko huɗu. Wata gidauniya ta ƙasar Amurka ce ta ba shi aikin, domin tunawa da Elizabeth Sprague Coolidge, wata mata da ta kashe dukiya mai yawa wajen tallafa wa masu tsara kiɗa. Poulenc ya rubuta shi a garin Cannes da ke bakin teku a kudancin Faransa, aka kuma fara kaɗa shi a bainar jama'a ranar 18 ga watan Yuni 1957, a bikin kaɗe-kaɗe na birnin Strasbourg, kusa da iyakar Jamus. Shi da kansa ya zauna a kan fiyano, mashahurin mabushin nan Jean-Pierre Rampal kuma ya riƙe sarewa.

Tsawon kiɗan bai wuce minti goma sha biyu zuwa sha uku ba. Kashi na farko yana da alamar juyayi, sarewa tana hawa da sauri kana ta riƙa saukowa taki-taki. Na biyu a hankali yake tafiya, kamar mutum yana rera waƙa shi kaɗai. Na uku kuwa gudu ne da raha. Kowane kashi yana da irin matsalar da yake jefa makaɗan a ciki, kuma ba za a gane matsalolin ba sai an san abin da ake kira sauti.

Mene ne sauti?

Sauti kaɗawa ce. Idan abu ya kaɗa, yakan matse iskar da ke kusa da shi ya kuma sake ta, matsewar nan ta yi ta tafiya kamar igiyar ruwa har ta isa dodon kunne. Adadin kaɗawar da abu ya yi cikin sakan guda shi ke sa murya ta zama siririya ko kakkaura: in kaɗawar ta yi yawa murya ta yi sama, in ta yi kaɗan murya ta yi ƙasa. Kunnen yaro mai lafiya yana jin abin da ya kama daga kaɗawa 20 zuwa 20,000 a sakan.

Turawa sun sa wa muryoyin kiɗansu sunayen haruffa, daga A zuwa G. Madannin da mai fiyano ke dannawa kafin a fara kiɗa shi ne A na tsakiya. A da kowane gari da irin nasa A. Gwamnatin Faransa ta tsayar da shi a kan kaɗawa 435 a shekarar 1859, sa'an nan wani taron ƙasashe da aka yi a Landan a 1939 ya amince da 440. Duk da haka har yanzu ƙungiyoyin makaɗa da dama a Turai sun fi son 442 ko 443.

To, me mai sarewa yake saurare? Idan fiyano ya ba da 440, sarewa kuma ta ba da 443, igiyoyin biyu za su riƙa haɗuwa suna ƙarfafa juna, kana su saɓa suna rage wa juna ƙarfi. Kunne zai ji sautin yana lilo, yana kumbura yana sacewa, sau uku cikin kowane sakan, watau bambancin da ke tsakanin 443 da 440. Gwargwadon kusantar muryoyin, gwargwadon raguwar lilon. In ya ɓace ɗungum, an daidaita.

Sarewa: bututu da iska

Sarewar Turawa da sarewar kara wadda makiyayi ke busawa a bayan shanu doka ɗaya ke tafiyar da su. Mabushi yana hura siririyar iska ta bugi gefen kafa mai kaifi. Iskar ba ta tsayawa wuri guda, sai ta riƙa shiga tana fita da sauri ƙwarai, wannan kuwa shi ke girgiza iskar da ke cikin bututun. Saboda haka iskar ciki ce ke kaɗawa, jikin sarewar rumbu ne kawai da ya tsare ta.

Lissafin bututun da ke buɗe ta kai biyu mai sauƙi ne: a raba saurin sauti da ninkin tsawon bututun. A zafin digiri 20 na ma'aunin Salshiyas, sauti yana cin mita 343 a sakan. Idan iskar da ke kaɗawa ta kai tsawon santimita 65.5, ninkinta mita 1.31 ke nan, kuma 343 a raba da 1.31 zai ba da kimanin 262. Wannan ita ce murya mafi kauri ta sarewar da aka saba gani. Buɗe kafofin da ke jikin sarewa daidai yake da gajarta bututun, shi ya sa murya take hawa. Idan mabushi ya ƙara saurin iskar bakinsa, iskar ciki takan rabu gida biyu tana kaɗawa, sai 262 ya koma 524 ba tare da yatsa ya motsa ba. Da wannan dabara sarewa take kaiwa sama da kaɗawa 2,000.

Tsohuwar sarewar Turai ta katako ce, kuma inda yatsu za su iya kaiwa nan ake huda ta, ko da lissafi bai yarda da wurin ba. Shi ya sa wasu muryoyinta suke fita a shaƙe. Wanda ya warware wannan matsala shi ne Theobald Boehm (1794 zuwa 1881), mutumin birnin Munich a Jamus, maƙerin zinariya kuma mabushi. A 1831 ya je Landan ya ji wani Baturen Ingila, Charles Nicholson, yana busa sarewa mai manyan kafofi da ƙarfin murya irin wanda bai taɓa ji ba. Da ya koma gida sai ya duƙufa a kan bincike, har ya nemi ilmin sauti wurin wani malamin Jami'ar Munich. A 1847 ya fito da sarewar ƙarfe wadda aka huda kafofinta inda lissafi ya ce, aka kuma faɗaɗa su har suka fi ƙarfin yatsa. Sai ya ƙera marufai masu haɗe da sanduna, yadda yatsa ɗaya zai iya rufe kafar da ke nesa da shi. Irin wannan sarewa ce ake busawa har yau.

Ana ƙera sarewa da azurfa, wasu ma da zinariya, kuma mabusa da yawa sun gaskata cewa ƙarfen ne ke ba da zaƙin murya. A 1971 wani masanin Fiziks na Amurka, John Coltman, ya jarraba wannan magana da bututu uku masu awo ɗaya, na azurfa da na jan ƙarfe da na katako. Masu saurare sun kasa tantance wanne ake busawa. Wannan bai saɓa wa abin da aka faɗa a sama ba: awon bututu da bakin mabushi su ne masu aikin.

Fiyano: guduma da tsirkiya

Fiyano kuwa ɗan gidan masu tsirkiya ne, dangin garaya da molo, sai dai shi dukan tsirkiyar ake yi. Wani maƙerin kayan kiɗa na birnin Florence a Italiya, Bartolomeo Cristofori, shi ya ƙirƙiro shi wajen shekarar 1700. Sunan ya samo asali ne daga kalmomin Italiyanci biyu, piano da forte, ma'anarsu a hankali da kuma da ƙarfi, domin wannan ne abin da ya bambanta shi da na gabaninsa. Idan aka danna madanni, wata 'yar guduma mai kan ulu takan tashi ta bugi tsirkiya ta koma nan take, ta bar tsirkiyar tana kaɗawa. Siririyar waya ba ta iya ture iska mai yawa, saboda haka ake ɗora tsirkiyoyin bisa wani faffaɗan allon katako wanda ke karɓar kaɗawar ya watsa ta cikin ɗaki, kamar yadda ƙwarya da fata suke yi wa goge.

Tun a 1636 wani masanin Faransa, Marin Mersenne, ya bayyana abubuwa uku da ke mulkin muryar tsirkiya: tsawonta, da ƙarfin ɗaurinta, da nauyinta. Gajeriya ta fi doguwa siririyar murya, ɗaurarriya ta fi sakakkiya, mara nauyi ta fi mai nauyi. Mai garaya yana amfani da doka ta farko duk sa'ad da ya danne tsirkiya da yatsa. Ta biyu kuwa ana ganin 'yar'uwarta wurin mai kalangu, wanda ke matse tsarkiyoyin gangarsa a hammata domin fata ta ɗauru murya ta hau.

Fiyano yana da madannai 88, daga kaɗawa 27.5 zuwa 4,186, watau na ƙarshe ya ninka na farko sau 152. Tsirkiyar murya mafi siranta tsawonta kimanin santimita 5 ne. Da tsawo kaɗai aka dogara da shi, da ta murya mafi kauri ta haura mita bakwai da rabi, alhali babban fiyano gaba ɗayansa bai kai mita uku ba. Maƙera sun kauce wa haka da doka ta uku: suka naɗe tsirkiyoyin ƙasa da wayar jan ƙarfe domin su yi nauyi. Tsirkiyoyin duka sun kai kimanin 230, domin yawancin madannai uku-uku gare su, kuma jimlar jan da suke yi ya kusa tan 20 a babban fiyano. Katako ba ya iya jure wannan, shi ya sa ake ɗaure su a jikin firam na zubin ƙarfe, dabarar da Alpheus Babcock ya yi wa rajista a Boston a 1825.

Abin lura a nan shi ne, saita tsirkiyoyi 230 aikin gwani ne na sa'a ɗaya ko biyu, kuma kafin taro ake yin sa. Da zarar jama'a sun zauna, fiyano ba shi da sauran gyara. Tilas sarewa ce za ta bi shi.

Abin da zafi yake yi

Ɗalibin da ya karanta cewa ƙarfe yana miƙewa idan ya ji zafi zai iya cewa: sarewa za ta ƙara tsawo, don haka muryarta za ta yi ƙasa. Tunanin yana kan hanya, amma lissafi ya ƙaryata shi. Ƙarin digiri goma ba ya miƙar da sarewar azurfa fiye da kashi ɗaya cikin takwas na milimita. Saurin sauti kuwa yana ƙaruwa da mita 0.6 a sakan a kan kowane digiri guda. Daga digiri 20 zuwa 30, saurin zai tashi daga 343 zuwa 349. Idan iskar cikin sarewa ta ɗumama haka, muryar da take 440 za ta koma kusan 448. Wannan bambanci ne da kowane kunne zai ji. Shi ya sa ake ganin mabushi yana hura iska cikin sarewarsa a rufe kafin ya fito, domin ta ɗumama tun kafin a saita ta.

Fiyano kuwa akasin haka yake yi. Idan fitilu da numfashin jama'a suka ɗumama zaure, siraran tsirkiyoyi sukan riga kakkauran firam ɗaukar zafi, su ɗan saki, murya ta ɗan sauka. Ke nan a tsakiyar taro sarewa tana hawa, fiyano yana tsaye ko yana ɗan gangarawa. Maganin da ke hannun mabushi shi ne ya zaro kan sarewa domin bututun ya ƙara tsawo. Sai dai wannan ma ba ya warkar da komai. Ƙarin milimita biyu a kan iskar da tsawonta santimita 39 ne, kamar ta muryar A, ya fi tasiri a kan ƙarin milimita biyu a kan santimita 65. Ragowar gyaran da leɓe ake yin sa, murya bayan murya, ta hanyar sauya inda iska ke bugun gefen kafa.

Laima ma tana da nata aikin. Allon fiyano yakan sha danshi ya kumbura, ya ƙara ɗaure tsirkiyoyi, in iska ta bushe kuma ya motse su saki. Saboda haka fiyanon da aka saita a Kano ko Zariya cikin damina ba zai kai tsakiyar hunturu da muryarsa daidai ba.

Taki goma sha biyu

Akwai wata matsalar kuma wadda ba ruwanta da yanayi, ta lissafi ce zalla. Kunne yana jin daɗin muryoyi biyu idan adadin kaɗawarsu ya yi daidai da ƙananan lambobi, kamar 2 da 1, ko 3 da 2, ko 5 da 4. Daga 440 zuwa ninkinsa 880, fiyano yana da taki goma sha biyu. Matsalar ita ce, ba yadda za a jera takun nan su gamsar da dukan waɗancan lambobi. Idan aka ninka 1.5 da kansa sau goma sha biyu za a sami 129.7, alhali 2 sau bakwai 128 yake bayarwa, kuma da tsarin ya rufe daidai, da lambobin biyu sun zama ɗaya.

Sulhun da aka yi shi ne a raba kuskuren daidai wa daida. Kowane taki ya ninka na bayansa da 1.0595, lambar da in aka ninka ta da kanta sau goma sha biyu take ba da 2. Sakamakon haka, inda kunne yake son 660 fiyano yana ba da 659.3, bambancin da ba a cika ji ba. Amma inda kunne yake son 550, fiyano 554.4 yake bayarwa. Mai sarewa yana da ikon ya busa 550 cif, kuma idan shi kaɗai ne ko yana tare da wasu mabusa yakan karkata can. Tare da fiyano kuwa dole ya auna, domin in kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya.

Rabon aiki

Da wannan bayani za a gane wahalar da ke cikin kiɗan Poulenc. Muryar fiyano tana fara mutuwa tun daga lokacin da guduma ta bar tsirkiya, ta sarewa kuwa tana nan muddin akwai numfashi. Sarewa murya ɗaya take bayarwa a lokaci guda, fiyano yana iya ba da goma. Saboda haka a kashi na biyu sarewa ce ke jan dogayen muryoyi, fiyano yana maimaita nasa a hankali domin kada ƙasa ta yi shiru. A nan ne haɗarin yake: idan mabushi ya rage ƙarfin iska domin ya yi sanyin murya, muryar sarewa takan zame ƙasa, in ya ƙara ƙarfi kuma ta haura sama, alhali fiyano ko an buga shi da ƙarfi ko a hankali yana nan inda yake. Har ila yau muryoyin sarewa na ƙasa ba su da ƙarfi, sai mai fiyano ya sassauta hannu, wani lokaci ma a rage buɗin murfin fiyanon, in ba haka ba ya binne abokinsa.

Wannan haɗi na sarewa da fiyano bai tsaya a Turai ba. Masanin kiɗan nan na ƙasar Ghana, J. H. Kwabena Nketia (1921 zuwa 2019), ya tsara musu kiɗa mai suna Republic Suite a lokacin da ƙasarsa take shirin zama jamhuriya a 1960. A Nijeriya kuma Joshua Uzoigwe ya rubuta wanda ya gina a kan busar oja, sarewar gargajiya ta ƙasar Ibo.

Gwaji a cikin aji

Ba sai makaranta ta mallaki fiyano ba kafin ɗalibai su ji waɗannan abubuwa da kunnensu. Malami ya sami kwalabe biyu iri ɗaya, babu komai a ciki. Ɗalibai biyu su hura iska a bakinsu, za a ji murya ɗaya. Sai a tsayar da kwalba guda cikin ruwan ɗumi mai ɗan zafi, ɗayar cikin ruwan randa, na minti biyar, ba tare da ruwa ya shiga cikinsu ba. Idan aka sake hurawa tare, ta ruwan ɗumi za ta fi siririyar murya, kuma in bambancin kaɗan ne za a ji lilon nan da aka bayyana.

Gwaji na biyu shi ne a yanka bututun roba irin na ruwan famfo gida biyu, ɗaya santimita 40, ɗaya 20. A riƙa bugun bakin kowanne da tafin hannu ana saurare. Gajeren zai ba da kusan ninkin muryar dogon. Daga nan ɗalibai su auna sarewar kara, daga baki zuwa kafar farko da ke buɗe, su raba 343 da ninkin tsawon, su gwada abin da suka samu da sanyin safiya da wanda lissafi zai bayar da tsakar rana a watan Afrilu, sa'ad da zafi ya kai digiri 40, saurin sauti kuma ya kai mita 355. Bambancin da za su gani a kan allo shi ne wanda mai sarewa yake gyarawa da milimita biyu da kuma leɓensa, tun daga amon farko har zuwa ƙarshen taro.